Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumomin Lafiya Da Na Ingancin Kaya: Tsoron Fashewar Sigarin Lantarki Yana Mayar Da Mu Kan Taba

Assalamu alaikum.

Ranku ya daɗe, shugabanni da jami'an hukumomin kula da lafiyar jama'a, da takwarorinku masu sa ido kan ingancin kayan da ake sayar wa mutane. Ina gaishe ku da aiki, Allah ya taimaka.

Na rubuto ne a madadin mutanen da kullum ake zance a kansu amma ba kasafai ake tambayar bakinsu ba, wato mashaya sigari da suka gaji da ita, suke lalluben ƙofar fita. Ni ɗaya ne daga cikinsu. Shekara 19 na yi ina zuƙa, na daina sau 4, na koma sau 4. Saboda haka in na ce na san yadda mashayi ke tunani, ba labari aka ba ni ba.

Tun farko ku sani ba talla na zo yi wa kowa ba. Wanda bai taɓa shan taba ba, musamman yaro, ba shi da abin da zai nema a sigarin lantarki, wato na'urar batir da ke dafa ruwan nikotin a zuƙi tururinsa, domin nikotin ɗin da ya ɗaure mu shi ne a ciki. Kukana a kan abu ɗaya ne: kun bar maganar fashewa da kama wutar wannan na'ura a hannun bidiyoyin waya da jita-jita, kuma shirun naku yana cutar da mu ta fuska biyu.

Kwanakin baya wani tsohon abokina, wanda tare muka koyi shan taba, ya miƙo mini wayarsa. Bidiyo ne na daƙiƙa kaɗan da kyamarar tsaro ta ɗauka. Mutum yana tsaye yana hira, sai tartsatsi ya ɓalle daga aljihun wandonsa kamar an kunna injin walda, ya kama tsalle yana dukan cinyarsa. Abokina ya karɓe wayar ya ce, "Ka gani ko? Ni dai tabata ba ta taɓa fashewa a jikin kowa ba." Ya zaro kara ɗaya ya kunna, tari ya turnuƙe shi har sai da ya dafa bango. Wannan tarin ya fi shekara 3 yana fama da shi. Bai taɓa ɗaukarsa a waya ya tura wa kowa ba.

Haka yawancinmu muke kallon abin. Wutar da ta tashi a aljihu cikin ƙiftawar ido ta fi tsorata mu a kan wadda take cin huhu a hankali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana faɗin cewa taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a kowace shekara, kuma tana iya hallaka kusan rabin mashayanta da ba su daina ba. Mun ji wannan har mun haddace, ya zama kamar ruwan sama a kan kwano, ana ji ana barci. Amma bidiyo ɗaya ya isa ya hana mutum barci. Kuma in gaya muku gaskiya, akwai son rai a ciki. Mashayin da bai shirya rabuwa da taba ba kullum yana neman hujja, wannan kuwa hujja ce mai hoto. Ni ma na taɓa fakewa da ita.

Kukana na farko ke nan: ba ku taɓa ɗora mana haɗarin nan biyu a ma'auni ɗaya ba. Ko maganar gobara kaɗai aka ɗauka, a ajiye batun sankara da ciwon zuciya a gefe, sigarin ganye ba ta da bakin magana. A Amurka da Ingila, hukumomin kashe gobara sun sha bayyana cewa kayan shan taba suna sahun gaba cikin abubuwan da ke haddasa gobarar gida mai cin rai, kuma a Amurka ɗaruruwan mutane ke mutuwa ta haka duk shekara. Abin ya kai jihar New York ta tilasta a 2004 a riƙa yin sigari mai mutuwa da kanta in an ajiye ba a zuƙa ba, Kanada ta bi sahu a 2005, Tarayyar Turai kuma a 2011. Ni kaina na taɓa farkawa cikin dare na tarar da hayaƙi na fita daga katifata, ramin da ya kai faɗin tafin hannu, saboda barci ya sace ni da kara a yatsa. Na zuba ruwa, na juya katifar, washegari na ci gaba da sha. Ban kira abin haɗarin taba ba, na kira shi tsautsayi. Da sigarin lantarki ce ta yi mini haka, da har yau ina ba da labari.

Sakamakon wannan rashin ma'auni a bayyane yake. A Ingila, ƙasar da hukumar lafiyarta ta bayyana tun 2015 cewa sigarin lantarki ta fi ta ganye sauƙin illa nesa ba kusa ba, wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna fiye da rabin mashaya taba sun ɗauka illarsu ɗaya, ko ma ta lantarkin ta fi. Ba fashewa kaɗai ta jawo wannan ba, akwai labarin ciwon huhun da ya ɓarke a Amurka a 2019, wanda daga baya aka gano tushensa wani sinadarin bitamin E ne da ake gaurayawa a ruwan wiwi na bayan fage. Amma ku zauna da mashaya ku ji, kafin a yi nisa wani zai ce "abin da ke fashewa a baki". In ƙasar da ta fi kowa ƙoƙarin bayani ta tsinci kanta a haka, ina ga inda ba a ce komai ba?

Kada ku ɗauka ina cewa haɗarin ƙarya ne. Ba ƙarya ba ne, kuma nan ne kukana na biyu, wanda ya fi ci mini rai. Mutane sun ƙone, wasu sun mutu. A watan Mayun 2018, wani mutum ɗan shekara 38 ya rasu a jihar Florida bayan na'urarsa ta tarwatse, ɓaraguzanta suka shige masa kai, ɗakin kuma ya kama da wuta. A Janairun 2019 wani matashi ɗan shekara 24 a Texas ya rasu saboda wani yanki na na'urar ya yanke masa babbar jijiyar wuya. A shekarar kuma likitoci suka wallafa labarin yaro ɗan shekara 17 daga Nevada da tasa ta fashe a baki, ta karya masa muƙamuƙi ta zubar da haƙora. Waɗannan ba tatsuniya ba ne.

To, sau nawa abin ke faruwa? Ga inda gizo ke saƙar. Hukumar kula da harkar gobara ta Amurka ta fitar da rahoto a 2017, ta ce daga 2009 zuwa ƙarshen 2016 ta tattara aukuwa 195 na fashewa ko kama wuta, mutum 133 suka ji rauni, 38 daga ciki rauni mai tsanani. Daga labaran kafafen yaɗa labarai ta haɗa wannan lissafi. Ba a jima ba wasu masu bincike suka bi ta bayanan sashen gaggawa na asibitoci, suka ƙiyasta cewa daga 2015 zuwa 2017 kawai, an kai mutum 2,035 da irin wannan rauni. Ku dubi tazarar da ke tsakani. Wancan na shekara 8, wannan na shekara 3, amma ya ninka shi sau goma da ɗoriya. A ƙasar da ke da miliyoyin masu amfani da na'urar, ko babban adadin ma ba shi da yawa, sai dai yana nuna cewa in ba a kafa mai ƙirgawa ba, abin da ɗan jarida ya tsinta shi ake ɗauka gaskiya. Mu kuwa sai kowa ya yi nasa lissafin: mai tsoro ya ce kullum ne, mai ganganci ya ce ai ba ya faruwa.

Masu gangancin nan ma namu ne, kuma su suka fi ba ni tausayi. Akwai wani abokin aikina da ya bar taba gaba ɗaya, ya koma kan irin babbar na'urar nan da ake cire mata batir. Kullum yana yawo da batir na biyu don kada caji ya yanke masa. A ina yake ajiye shi? A aljihun gaba na wando, tsirara, tare da makullai da tsabar kuɗi. Wata rana muna tsaye ya ce yana jin ɗumi a cinya. Kafin ya rufe baki muka ji wani irin huci kamar tayar da ta sace, sai hayaƙi mai warin roba da wani abu mai yaji a maƙogwaro. Ya yi ƙoƙarin zaro shi, yatsunsa biyu suka saluɓe. Wandon ya narke ya manne da fata. Makonni ya yi ana wanke masa ciwon. Da na je duba shi, abin da ya fara ce mini shi ne, "Wallahi ba wanda ya taɓa gaya mini." Na yarda da shi, domin ni ma a lokacin ban sani ba. Yau ya koma shan kwali guda a rana. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Abin takaicin shi ne bayanin da zai cece shi bai fi minti biyu ba. Batirin litiyom ne a cikin sigarin lantarki, irin na wayar salula da kwamfutar tafi-da-gidanka. A cikinsa akwai ɓangarori biyu da wani siririn shamaki ya raba, jiƙe cikin ruwan sinadari mai kama wuta. In ƙarfe ya haɗa kan batirin da gindinsa, ko shamakin ya huje saboda faɗuwa, zafi ko cajin da ya wuce kima, sai zafi ya fara haifar da zafi, iska ta taru a ciki, ba abin da zai tsayar da shi sai ya ƙare. Batirin da abokin aikina ke ɗauke da shi, wanda masu harkar ke kira 18650 saboda kaurinsa milimita 18 ne tsawonsa 65, duk jikinsa ƙarfe ne mai ɗauke da wuta, 'yar ledar da aka naɗe shi da ita ce kawai kariya. Ta yage kusa da kai, makulli ya taɓa, shi ke nan. Bambancinsa da na waya kuwa siffa ce. Na waya shimfiɗaɗɗe ne, yakan kumbura ya tsage. Wannan kuwa bututu ne a cikin bututun ƙarfe, ƙarfin ba shi da mafita sai ta baki ko ta gindi, shi ya sa yake fita kamar harsashi. Sannan abu ne da ake kai wa baki ana kuma ajiye shi a jikin cinya. Rahoton 2017 da na ambata ya ce kusan kashi 62 cikin 100 na aukuwar sun faru ne na'urar ko batirinta na aljihu, ko ana tsaka da zuƙa.

Mutanen nan biyu da suka rasu a Florida da Texas, rahotanni sun nuna irin na'urar da ba ta da kwakwalwar tsaro suke amfani da ita, wadda ke haɗa batir kai tsaye da siririn ƙarfen da ke dafa ruwan nikotin, ba abin da zai katse wuta in abu ya ɓaci. Ga tambayata: da wane dalili aka bar irin wannan a hannun mutumin da bai san komai game da lantarki ba? Manyan kamfanonin da ke ƙera batirin 18650 da kansu sun ce ba don a sayar wa mutum shi tsirara suka yi shi ba, don a haɗa shi cikin rufaffen ƙunshi mai kariya ne. Hukumar kare masu sayen kaya ta Amurka ma ta yi gargaɗi a kan haka a Janairun 2021. Duk da haka ana sayar da shi ɗai-ɗai a intanet, wani an ciro shi daga tsohuwar kwamfuta an sake masa riga, an buga masa ƙarfin da ba shi da shi.

Abin da ke ba ni mamaki, inda duk aka ɗauki abin da muhimmanci an yi maganinsa da wuri. Tun 2015 hukumomin sufurin jiragen sama suka hana saka sigarin lantarki a jakar da ake lodawa a ƙasan jirgi, suka kuma hana yi mata caji a cikinsa. Rundunar sojan ruwan Amurka ta hana shiga da ita jiragenta a 2017 bayan jerin haɗurra. A 2016, da wayar Galaxy Note 7 ta fara kama wuta, cikin 'yan makonni aka janye ta daga kasuwannin duniya, kuma ban ji wanda ya ce ya daina riƙe waya ba. An gane cewa laifin batir ne da ƙira, aka gyara. Har ma'aunin gwajin lafiyar lantarkin wannan na'ura akwai, UL 8139, tun 2018. Kenan an san ciwon, an san maganin. Jirgi ya samu kariya, sojan ruwa ya samu, aljihun mashayi ne kawai aka bari. Wani lokaci nakan ji kamar don mu mashaya ne, ana ganin duk abin da ya same mu mu muka jawo wa kanmu.

Akwai kuma na yar-da-an-gama, waɗanda ake zuƙa a jefar. Kowace tana ɗauke da batirin litiyom, in motar shara ta matse ta sai wuta. A Birtaniya an ƙiyasta a 2023 cewa ana zubar da kusan miliyan 5 kowane mako, kuma daga 1 ga Yunin 2025 aka hana sayar da su. Wannan haɗarin ma'aikacin shara ne ke ɗauka, shi da bai zuƙi komai ba.

Na san abin da wasunku za su ce: in muka koya wa mutane yadda za su riƙe na'urar lafiya, kamar mun sa mata albarka ne. Na fahimci tsoron, musamman ganin yadda yara ke rububinta. Amma ai kuna koya wa mai tuƙi ɗaura bel ba tare da kun ce ya yi gudu ba. Ko ƙasar da ta haramta na'urar gaba ɗaya, tana shigowa ta bayan fage, kuma wadda ta shigo ta nan ita ce mafi muni, ba mai gwada ta, ba mai amsa laifinta. Shiru bai hana kowa saye ba. Abin da ya hana shi ne sani.

Don haka ga abin da muke roƙo, ranku ya daɗe.

Ku kafa doka cewa ba na'urar da za ta shiga kasuwa sai ta ci gwajin lafiyar batir, tana da abin katse wuta in caji ya cika, in zafi ya yi yawa, ko in wayoyi suka haɗu, da makullin da zai hana maɓallin dannuwa a aljihu, da ramin fitar iska da ba ya kallon fuskar mai sha. Wadda ba ta da waɗannan ku janye ta, ku kuma faɗi sunanta a fili yadda ake yi wa magani ko mota mai matsala. Sayar da batir tsirara ga wanda ba ma'aikacin lantarki ba, ku hana. In ba za ku iya hanawa yau ba, ku tilasta a riƙa ba da shi cikin 'yar akwatin roba.

Ku sa a rubuta gargaɗi a jikin kwalin, da manyan baƙi, da harshen da mai saye yake ji, da zane saboda wanda ba ya karatu. Ba dogon turanci muke nema ba. Kada a haɗa batir da makulli ko tsabar kuɗi. Kada a kwana ana caji, kada a yi caji a kan katifa ko ƙarƙashin matashi. A yi amfani da cajar da ta zo da na'urar. Batirin da ledarsa ta yage, ko ya lotsa, ko ya jiƙe, ko ya kumbura, a rabu da shi. Kada a bar ta cikin mota a rana. Duk wannan zai shiga bayan kwali ɗaya, inda yanzu ake zana 'ya'yan itatuwa masu ɗaukar ido.

Ku umarci asibitoci da 'yan kwana-kwana su riƙa rubuta kowace aukuwa da irin na'urar da irin batirin, ku buɗe hanyar da mutum zai kai rahoto da kansa, sannan ku riƙa fitar da adadin duk shekara. Likitocin gaggawa su ma a sanar da su cewa wannan ƙuna ba ta wuta kaɗai ba ce, akwai ta sinadarin batirin a tare.

Roƙon da ya fi kowanne a wurina shi ne na ƙarshe. Duk ranar da za ku fitar da adadin waɗanda sigarin lantarki ta ƙona, ku ajiye a gefensa adadin waɗanda gobarar sigarin ganye ta kashe, da na waɗanda hayaƙinta ya kai kabari a shekarar. A shafi ɗaya, a jere. Ku kuma haɗa da bayanin sauran hanyoyin daina taba, irin su cingam da filastar nikotin da magungunan da likita ke rubutawa, domin akwai wanda ba zai taɓa sa batir a bakinsa ba, kuma yana da gaskiyarsa. Irin wannan mutumin bai kamata ya ɗauka zaɓinsa biyu ne kawai ba, ko fashewa ko tari.

An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Mu mun ga gemun ya kama, abin da muka rasa shi ne mai nuna mana inda ruwan yake. Abokina mai bidiyo yana nan da tarinsa, kwanan nan ya sake turo mini wani sabo, ya rubuta a ƙasa, "Har yanzu kana nan kan bakanka?" Ban ba shi amsa ba tukuna. Ina so ranar da zan amsa ya kasance ina da takarda daga gare ku da zan tura masa.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon mashayi, a madadin 'yan'uwansa da ke neman dainawa.